Jimlar da ta cinye mana zama uku: nazarin lamarin wani kamfanin lemo a Idu

Duk wanda ya saba buɗe rahoton shekara na kamfanonin Najeriya ya san wata jimla da ke maƙale a ƙasan jerin gudummawar da kamfani ya bayar. Cewa take yi, bisa sashe na 43(2) na dokar kamfanoni, kamfanin bai ba wata jam'iyya ko ƙungiyar siyasa kyauta ko gudummawa ba a cikin shekarar. Daga rahoton bara ake kwafo ta, a sauya shekara, a wuce. Na daɗe ina aikin akanta kafin in yi ritaya, ban taɓa ganin an tsaya a kanta ko na minti ɗaya ba, sai a watan Afrilun 2023.

Kamfanin da nake magana a kai lemon kwalba da ruwan roba yake yi, masana'antarsa na Idu, a gefen Abuja. Ba ya cikin kasuwar hannun jari ta Legas, amma rajistarsa ta kamfanin jama'a ce, don haka dokar kamfanoni ta 2020, wadda lauyoyi ke kira CAMA, ta wajabta masa kwamitin binciken kuɗi mai mutum biyar: uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa cikin gudanarwar yau da kullum. Ina cikin ukun. Alhajin da ya kafa kamfanin shi ne shugaban hukumar daraktoci. Manajan darakta ɗan ƙanwarsa ne, kuma shi ke auren 'yarsa. Daga cikin daraktocin da ake kira masu zaman kansu, biyu tare da Alhaji suka fara fatauci tun suna samari. A irin wannan tebur, tambaya kan zama zargi tun kafin ta gama fita daga baki.

Shekarar haraji, shekarar zaɓe

A ranar ƙarshe ta 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Kuɗi ta 2021, wadda ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi. Kwastam ta fara karɓa a tsakiyar 2022. Naira goma a baki ba komai ba ce, amma ga wanda ribarsa a kan kwalba ba ta taka kara ta karya ba, ga tsadar sukari, ga tsadar dizal, ta isa ta hana shi barci. Kafin shekarar ta ƙare kuma aka soma maganar ƙara harajin. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa, MAN, ta fito fili ta nuna adawarta. Wannan shi ne kamun ƙafa na halal: ka zo da takardarka, ka faɗi sunanka, ka bayyana abin da doka za ta yi wa sana'arka, masu kare lafiyar jama'a su ma su kawo nasu bayanin kan ciwon sukari, 'yan majalisa su auna. Kuɗin ƙungiya da muke biya duk shekara yana nan a littafi da rasidinsa, ba wanda ya taɓa ƙorafi a kai.

A ranar 28 ga Satumban 2022 aka buɗe kamfen ɗin shugaban ƙasa da na Majalisar Tarayya. Wato a lokaci guda, mutanen da ke da ta cewa kan harajinmu suna neman kuɗin fosta, mu kuma muna neman kunnensu.

Littafin direbobi

Bayan zaɓen gwamnoni, cikin azumi, shugabar sashen binciken cikin gida ta kira ni. Yarinya ce, ba ta fi sa'ar 'yata ta biyu ba. Ta ce, "Baba, akwai abin da nake so ka gani kafin zaman kwamiti, amma ba a ofis ba." Ta zo gidana a Kubwa bayan la'asar, yayanta ya rako ta ya zauna a mota.

Na zaci leja za ta buɗe mini. Littafin fita da shigar direbobi ta ɗauko. Tsakanin Oktoba da Fabrairu, motocin rabon kaya uku sun yi ta zuwa garuruwan da ba mu da dila ko ɗaya a cikinsu, su kwana biyu, su dawo fayau. A littafin sito an rubuta katan-katan ɗin da suka ɗauka a matsayin kayan talla. Ta ɗauki ranakun, ta jera su da ranakun gangamin siyasa, suka zauna daram. Abin da ya ba ni dariya, duk da ba wurin dariya ba ne, shi ne gangamin ba na jam'iyya ɗaya ba ne. Ranar Talata ruwanmu na hannun magoya bayan wannan, ranar Asabar yana hannun na abokin hamayyarsa. An raba ƙafa, tunda ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Daga nan ta bi sawu ta fito da wasu abubuwa biyu. Na farko, kuɗin da aka tura wa wata gidauniya a watan Disamba, kaɗan ya rage su cika naira miliyan 50, an rubuta su a sahun sadaka da sunan tallafa wa mata da matasa. Gidauniyar sunan mahaifiyar wani ɗan takarar majalisa take ɗauke da shi, kekunan ɗinki da buhunan shinkafar da ta raba kuwa kowanne da hotonsa a jiki. Na biyu, wani kamfanin ba da shawara da aka biya don "hulɗa da hukumomi". Takardar neman biyansa shafi ɗaya ce, babu rahoton aiki, babu sunan ko ofishi ɗaya da ya je a madadinmu. An biya shi sau uku a cikin mako biyar, kowane biya yana ƙasa kaɗan da iyakar da hukumar daraktoci ta yarda manajan darakta ya kashe ba tare da ya dawo gare ta ba. Da aka nemo bayanan rajistarsa daga Hukumar Rajistar Kamfanoni, sai ga shi bai cika shekara da kafuwa ba, ɗaya daga cikin daraktocinsa kuma ƙanin matar hadimin wani ɗan majalisa ne.

Oditocin waje sun riga sun duba duk wannan sun wuce, kuma ba zan ɗora musu laifi kacokan ba. Kowane biya da baucarsa, da sa hannun mai izini, da shaidar banki. Odita yana tambaya ko kuɗin sun fita ta ƙofar da aka ce. Dalilin fitarsu, da hannun da suka ƙare a ciki, tambayar daraktoci ce. A takardun hukumar na shekarar gaba ɗaya babu layi ɗaya da ya ambaci ko guda daga cikin ukun.

Na tambaye ta me ya hana ta kai maganar sama tun da wuri. Ta ce ta kai. Saman nata shi ne manajan darakta. Ƙa'idar gudanar da kamfanoni ta 2018, wadda Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta fitar, ta ce shugaban binciken cikin gida ya riƙa kai rahotonsa kai tsaye ga kwamitin da ke kula da binciken kuɗi. Mu muna da wannan a rubuce. A aikace, sai abin da ya ratsa teburin manaja muke gani.

Dokoki biyu, tebur ɗaya

A zaman farko manajan darakta bai musa komai ba, kuma na yaba masa da haka. Ya zo da kwafin Dokar Zaɓe ta 2022, ya buɗe sashe na 88, inda aka ce kada wani mutum ko wata ƙungiya ta ba ɗan takara fiye da naira miliyan 50. Ya ce, "Malam, ga shi nan baƙi a kan fari. Ban kai iyaka ba. Da gangan na tsaya ƙasa da ita." Na yarda har zuciyarsa haka ya fahimta.

Sakatariyar kamfani, wadda kowa ke kira Barista, ita ta warware masa, a hankali, tana kallon takarda don kada ta kalli Alhaji. Wancan sashen rufi ne a kan abin da za a iya ba ɗan takara. Bai buɗe wa kamfani ƙofar da wata doka ta rufe ba. Sashe na 43(2) na CAMA ya hana kamfani ba da kuɗinsa ko kadararsa ga jam'iyya, ko ƙungiyar siyasa, ko don kowace irin manufa ta siyasa, kai tsaye ko ta bayan gida. Kalmomin "kowace irin manufa" su suka kama gidauniyar, kalmar "kadara" ta kama motoci da katan-katan. Hukuncin kuma ba na wasa ba ne: jami'an da suka yi, da duk mai hannun jarin da ya kaɗa ƙuri'ar amincewa, su za su mayar wa kamfani kuɗinsa daga aljihunsu, a haɗe ko ɗaya ya ɗauki duka, sannan ga tara daidai da abin da aka bayar. Haramcin ba sabo ba ne, yana nan tun a dokar 1990, a sashe na 38(2). Sama da duka akwai sashe na 221 na tsarin mulkin 1999, da ya hana kowace ƙungiya in ba jam'iyya ba zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko a hidimar zaɓen ɗan takara.

Ɗakin ya yi tsit. Sai Alhaji ya gyara zama.

Abin da ya faɗa ba zan raina shi ba, domin akwai gaskiya a ciki. Ya ce shekara talatin yana sana'a a garin nan, bai taɓa ganin fayil ya tashi da ƙafarsa ba. Wanda bai gai da mutane lokacin da suke nema ba, kada ya sa ran za su gane shi bayan sun samu. Ya tuna mana liyafar tara kuɗin jam'iyyar PDP da aka yi a fadar shugaban ƙasa a Disambar 2014, inda aka tara sama da naira biliyan 21 a dare ɗaya, a lokacin da doka ta ƙayyade wa ɗan takarar shugaban ƙasa biliyan 1, ana shelar gudummawa da sunan ɓangaren mai da gas, da sunan ɓangaren gine-gine, a gaban kyamara. Ya ce, "Wa aka kama? Sai mu masu sayar da ruwan roba ne za mu zama waliyyai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban zo in ce maka garin ba haka yake ba. Idan daga aljihunka ka bayar, iyakar miliyan 50 ce kawai tsakaninka da doka, ba ruwana. Wannan kuwa kuɗin kamfani ne. A cikin masu hannun jarinmu akwai gwauraye da ke jiran ribar shekara, akwai 'yan fansho, akwai wanda ya tsani wannan ɗan takarar kamar mutuwarsa. An yi musu kamfen da kuɗinsu ba su sani ba. Kuma an kawo mana takarda mu sa hannu cewa ba a yi ba."

Ra'ayina, wanda ban ɓoye ba a ranar, shi ne haramcin da ba a aiwatarwa ya fi rashin doka ɓarna ta wata fuskar. Tunda ba a isa a rubuta "siyasa" a leja ba, sai kuɗin su sauya riga: talla, sadaka, shawara. Daraktoci su ga rigar, su sa hannu. A Ingila ba su hana ba. Dokar kamfanoninsu ta 2006 cewa ta yi sai masu hannun jari sun amince a babban taro kafin gudummawar siyasa ta wuce fam 5,000 cikin wata 12. A Amurka, tun 1995 mai sana'ar kamun ƙafa a majalisa sai ya yi rajista, ya faɗi wanda yake wa aiki da abin da aka biya shi, kuma tun gyaran 2007 duk wata uku yake kai rahoto. Abin mamakin shi ne, albarkacin wata dokarsu ta 1938 kan wakilan ƙasashen waje, daga ɗakina a Kubwa zan iya shiga intanet in ga abin da 'yan siyasar Najeriya suka biya masu kamun ƙafa a Washington, amma ba ni da inda zan duba in ga wanda ke shiga ofisoshin majalisarmu a madadin wane kamfani. An taɓa kawo ƙudurin dokar rajistar masu kamun ƙafa, ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa a 2016, daga nan bai zama doka ba.

Inda babu rajista a waje, sai dai kamfani ya yi tasa a ciki. Wannan na kawo wa kwamiti.

Kamfanin shawarar shi ya fi tayar mini da hankali, kuma shi ne wanda muka fi kasa taɓawa. Gidauniya da motoci karya dokar kamfanoni ne. Kuɗin da suka bi ta hannun surukin hadimi, a daidai lokacin da ake maganar harajinmu, suna iya zama wani abu mai muni fiye da haka. Kowa a teburin ya san shari'ar Faruk Lawan, wanda ya jagoranci binciken tallafin mai a Majalisar Wakilai a 2012, kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 daga hannun ɗan kasuwa Femi Otedola, ta yanke masa ɗauri a 2021. Tsakanin kamun ƙafa da toshiyar baki akwai iyaka, kuma takardar shafi ɗaya ba ta nuna wa kowa ɓangaren da ya tsaya. Manajan darakta ya rantse cewa mutumin hanyar ganawa kawai ya sama masa. Na ce to a rubuta: wa aka gana da shi, yaushe, me aka nema. Ya ce irin waɗannan ganawar ba a rubuta su. Ɗaya daga cikin tsofaffin abokan Alhaji, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya ɗago kai ya ce, "Yaro, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu dai muna so mu san kan wa za a aske, da askar wa."

Abin da aka yanke

A zama na biyu, bayan Sallah ƙarama, Alhaji ya ce shi zai mayar da kuɗin gidauniyar daga asusunsa, ya kuma mayar kafin a rufe littafi. Aka ƙiyasta katan-katan, da dizal, da alawus ɗin direbobi, da hayar motocin a farashin kasuwa, aka ɗora wa manajan darakta, ana cira daga haƙƙoƙinsa. Aka soke hulɗa da kamfanin shawarar. Barista ta rubuta masa wasiƙa sau biyu tana neman rahoton aikin da ya yi. Bai amsa ba, hukumar kuma ta ƙi yarda a kai shi kotu. Dalilin da aka bayar shi ne tsadar shari'a. Ban gamsu da cewa shi ne dalilin ba.

Sannan aka buɗe rajista a ofishin Barista. Duk abin da zai fita daga kamfani, kuɗi ne, kaya ne, aron mota ne, zuwa hannun mai riƙe da muƙami, ko ɗan takara, ko gidauniyarsa, ko kamfanin danginsa, sai an rubuta shi kafin ya fita, kuma sai hukumar daraktoci ta gani, komai ƙanƙantarsa. Biyan da ake yi wa mutum ɗaya a cikin wata uku a haɗa shi a lissafa a matsayin biya ɗaya, don a toshe dabarar tsinka kuɗi gida-gida. Duk wanda za a ɗauka ya yi magana da hukuma a madadinmu sai da rubutacciyar yarjejeniya, da binciken masu kamfaninsa, da rahoton wanda ya gani da abin da ya faɗa. Sau ɗaya a shekara manaja zai gaya wa hukumar matsayin da kamfani da ƙungiyoyin da yake ciki suka ɗauka kan kowace doka. Shugabar binciken cikin gida kuma za ta riƙa zama da kwamitinmu ba tare da manaja a ɗakin ba. A cikin watan aka so a mayar da ita wani defo a wajen gari da sunan ƙarin girma. Kwamiti ya ce a dakata, aka dakata.

Zama na uku a kan jimlar nan aka yi shi, kuma a nan aka kayar da ni. Na ce mayar da kuɗi bai goge abin da ya faru a 2022 ba, a rubuta a fili cewa an yi biyan da ya saɓa wa sashe na 43(2), an gano, an mayar. Barista ta gargaɗe mu cewa wannan amsa laifi ne a rubuce, da tararsa. Ɗaya daga cikin sauran wakilan masu hannun jari biyu ya goyi bayana. Sauran ukun suka zaɓi tsaka-tsaki: a cire jimlar gaba ɗaya daga rahoton wannan shekarar, a ƙara ɗan bayani a can cikin bayanan lissafi cewa wasu daraktoci sun mayar wa kamfani wasu kuɗin da aka kashe ba bisa ƙa'idarsa ba. Ba ƙarya a ciki. Amma sai wanda ya ajiye rahoton bara a gefen na bana zai lura akwai layin da ya ɓace. Na sa aka rubuta rashin amincewata a bayanan zama, sannan na sa hannu. Har yau ina juya wannan sa hannun a raina.

A babban taron shekara tambayoyin duk na ribar hannun jari ne, sai ƙorafin cewa jakar kyautar bana ba ta kai ta bara ba. Wani dattijo ɗaya, tsohon ma'aikacin banki, ya miƙe da rahoton a hannu ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, wannan kuɗin da aka mayar, na mene ne?" Alhaji ya ce kuskure ne na gudanarwa, an gyara, an kuma sa matakan hana maimaituwa. Dattijon ya tsaya kamar zai ƙara, masu neman a amince da rahoto suka ɗaga murya, ya zauna.

Shigarwar farko a rajistar ta zo ana saura mako biyu Babbar Sallah. Sashen hulɗa da jama'a ya kawo jerin waɗanda aka saba aika wa raguna. Da can wannan jerin bai taɓa wuce teburin manaja ba. Barista ta karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya a gaban hukumar: limamin masallacin da ke kusa da masana'anta, mai unguwa, tsofaffin ma'aikata, gidan marayu. Duk aka ce a kai. Da ta iso kan sababbin 'yan majalisa huɗu da aka rantsar a watan, sai ta tsaya. Wani ya ce rago ai zumunci ne, ba siyasa ba. Wani ya tambaya ko an taɓa aika musu kafin su ci zaɓe. Aka duba jerin bara, babu ko ɗayansu.

Alhaji ya ce a cire su, shi zai aika daga garkensa. Barista ta tambaya ko a rubuta hakan ma a rajista, tunda direban kamfani ne ya saba kaiwa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a nemo masa motar haya.